Ɓarayi sun lalata makullin Hilux ɗina, in bari a haɗa mini waya kawai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux ƙirar 2012 da nake dakon amfanin gona da ita. Ɓarayi sun zo cikin dare za su ɗauke ta, Allah bai ba su sa'a ba. Da safe na tarar sun fasa robar wuyan sitiyari, sun cusa ƙarfe a ramin makulli har ya wargaje, ga wayoyi suna reto. Yanzu sitiyarin yana juyawa ko babu makulli, sai dai yakan ɗan cije ya yi ƙara. Rewaya ya ce zai haɗa wayoyin ya sa mini maɓalli in riƙa tayarwa, kuɗi kaɗan. In yarda? — Mai karatu daga Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya tsare gaba, Ya sa iyakar abin ke nan.

Kada ka yarda, kuma kada ka hau titi da motar nan a yadda take. Maɓalli zai tayar da inji, babu gardama. Amma ni ba tashin injin ne ya dame ni ba, cijewar nan da ka ce sitiyari yana yi ita ce.

Abin da muke cewa makullin mota abubuwa ne a haɗe. Akwai ramin da makulli ke shiga, akwai gidan alminiyam da aka ɗaure a jikin bututun sitiyari, akwai suwicin lantarki a bayansa. Sannan a cikin gidan akwai wani ɗan ƙarfe, kamar sakatar ƙofa, wanda da zarar ka zare makulli yake faɗawa cikin gurbin da aka yanka a jikin sandar sitiyari, ya kulle ta. Ɓarawo ba shi da lokacin kwancewa, murɗa sitiyarin yake yi da iya ƙarfinsa har ƙarfen ya karye ko gidan ya tsage. Tunda naka yana juyawa babu makulli, an karya shi. Guntayen kuwa suna nan ciki, su ne ke ƙarar da kake ji. Yau sun cije sun saki a ƙofar gida. Ranar da za su cije su ƙi saki, wataƙila kana kan hanyar Zariya da buhunan masara a baya, ka shigo kwana. Maɓallin rewaya bai taɓa wannan matsalar ba ko kaɗan.

Kafin kowa ya sa hannu, ɗauki hotunan ɓarnar ka kai rahoto ga 'yan sanda. In inshorarka cikakkiya ce za su nemi wannan. In kuwa ƙaramar nan ce da yawancinmu ke yi don takardu su cika, ba ta biyan ɓarnar sata.

A jawo motar gareji. A miƙe tayoyin gaba, a cire kan batir na nagatif, a jira aƙalla daƙiƙa 90 kafin a taɓa sitiyari in motar tana da jakar iska, wato wadda ke kumbura daga cikin sitiyari ta kare direba idan an yi karo, domin na'urarta tana riƙe wuta na ɗan lokaci bayan an cire batir. In an ciro jakar, a ajiye ta fuskarta na kallon sama. A yi alama tsakanin sitiyari da sandarsa kafin a zare shi. A bayansa akwai faifai mai siririyar waya a nannaɗe, wadda ke kai wuta ga ham da jakar iska. Zagaye kusan biyar kawai take iya yi daga ƙarshe zuwa ƙarshe. A manne faifan da salatif yadda aka same shi. In ya riga ya juya, a murɗa shi hagu a hankali har ya tsaya, a dawo da shi dama zagaye biyu da rabi, alamomin su haɗu. Yaran gareji da yawa nan suke tsinka wayar, sai ham ya mutu, fitilar jakar iska ta ƙi mutuwa.

Gidan makullin ba a gyara shi, canza shi ake yi ɗungurungum. An ɗaure shi da kusoshin da kawunansu ke ɓallewa da gangan idan sun ɗauru, don kada a iya kwance su da sifana. Sai an huda su ko an bi su da ƙarfe mai tsini a hankali. Wajen mayarwa a nemi irinsu. Wanda ya sa maka noti na gama-gari a wurin, ɓarawon gaba ya yi wa aiki.

Da gidan ya fita, a nan ake sanin girman ɓarnar. A kakkaɓe duk guntayen ƙarfe. A dubi gurbin da ke jikin sandar, ko bakinsa ya tauye ko ya tsage. A juya sandar da hannu: in tana lilo, ko tana da wurin da take nauyi, ta lanƙwashe. A girgiza ta sama da ƙasa a ji ko boris ɗinta ya yi sako-sako, a duba hannun da ke ɗaga sitiyari da sauke shi ko har yanzu yana kamawa, a leƙa ƙasa wajen gwiwar da ke haɗa ta da sandar da ta gangara. Sandar sitiyari an ƙera ta ne ta shige cikin kanta idan an yi karo, don kada ta soki ƙirjin direba. Saboda haka ba a miƙe ta da guduma, ba a yi mata walda, komai ƙwarewar mai waldan. In akwai ko shakka, a canza bututun duka.

Sau da yawa hakan ma ya fi sauƙi: ka sayi tokumbo cikakke, da gidansa da makullinsa, a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Ka tafi da tsohon a hannu a jera su. In wanda za a ba ka ya fi gajarta, ko kunnuwan da ake ɗaure shi sun goce, daga motar haɗari aka ciro shi. Ka tabbatar na mota mai tuƙi a hagu ne, domin akwai Hilux masu yawa na Tailan da Afirka ta Kudu da tuƙinsu ke dama. Na mai giyar hannu da na otomatik ma ba ɗaya ba ne.

Sai aikin rewaya. Wayoyin suwici masu kauri ne saboda wutar da suke ɗauka. Murɗa su a naɗe da salatif yana kawo zafi, zafi ya kawo gobara. A haɗa su da dalma a rufe da kyau, ko a canza soket ɗin da wayarsa. A duba fiyus na AM1 da AM2, su ke ciyar da suwicin, sukan ƙone idan ɓarawo ya haɗa wayoyi da ka. Duk soket mai launin rawaya na jakar iska ne, ba a gwada shi da fitilar gwaji.

Wasu Hilux na wancan lokacin suna da na'urar gane makulli, wasu ba su da ita. In akwai wani zobe baƙi mai waya kewaye da ramin makulli, taka tana da ita, kuma ba mamaki ita ce ta hana su tafiya da motar. Sabon makulli zai juya kik amma inji ba zai kama ba sai ƙwaƙwalwar motar ta san shi. Ko dai a yi masa rajista da kwamfuta, ko a ɗauke ɗan ƙwayar da ke cikin kan tsohon makullinka a mayar cikin sabon. Mai gyaran makulli da ya san aiki yana iya sake jera haƙoran sabon ramin su dace da tsohon makullinka, ka huta da yawo da biyu, na ƙofa daban na tayarwa daban. Duk wanda ya ce a cire na'urar a huta, ka ce masa a'a.

Kafin ka biya kuɗin aiki, a ɗaga gaban motar da jak, ka murɗa makulli zuwa ON, ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa, ya tafi sumul babu cijewa. Ka zare makulli ka juya, ka ji ya kulle. Ka danna ham, ka ga sigina tana komawa da kanta, fitilar jakar iska kuma ta mutu kamar daƙiƙa shida bayan ka murɗa makulli zuwa ON. In kan titi sitiyarin ya karkace alhali an mayar da shi kan alamarsa, ka kai a yi alaimen, wato saita tayoyi, kada a zare shi a gyara masa zama.