Kainuwa dashen Allah, da sauran mazauna bakin kogi

Wata mai karatu ta tambaya: in an ce wa mutum "kainuwa dashen Allah", yabo ne ko gori? Ta ce ta ji wani ya fassara shi da mutumin da ba shi da asali.

Yabo ne, 'yar'uwa, kuma wannan fassarar ta kauce hanya. Ki ɗauki kainuwa ɗaya ki duba. Ganyenta a tattare yake kamar na latas, mai laushi, da ɗan gashi-gashi wanda ke hana ruwa jiƙa shi. Saiwarta kuwa reto take yi a cikin ruwa, ba ta taɓa ƙasa. Ba wanda ya haƙa mata rami, ba wanda ya yi mata ban ruwa, amma sai ta miƙa siririn reshe gefe, 'ya ta fito a ƙarshensa, ita ma 'yar ta miƙa nata, har su rufe fuskar tafki. Abin da Bahaushe ya gani ke nan. Wanda ake yi wa wannan kirari shi ne wanda ya ɗaukaka ba da gatan kowa ba, don haka mahassada ba su da abin tugewa. Ta ina za a tuge abin da ba a dasa a ƙasa ba?

Kada dai a haɗa ta da ciyawar nan mai shuɗin fure da ke toshe hanyar jiragen ruwa. Waccan baƙuwa ce, daga Kudancin Amurka ta fito.

Wani kuma ya tambayi bambancin gaɓa, fadama da kurmi. Gaɓa ita ce bakin kogin kansa. Fadama fili ne da ruwa ke malalewa a kai da damina, ya janye ya bar laka da danshi. Kurmi kuwa duhuwar itatuwa ce, sau da yawa mai bin kogi, kore shar ko da rani.

Abin da ke burge ni shi ne yadda kowane tsiro ya san matsayinsa, gwargwadon daɗewar ruwa a wurin. Bado yana cikin ruwa, amma shi saiwarsa a laka take, ganyen kawai ke shimfiɗe a sama. Ciyawar burugu na bin tashin ruwa tana ƙara tsawo. A gaɓa ga ƙaidaji da ƙayarsa, ga ciyawar jema mai saiwa mai zurfi da ke riƙe ƙasa. Bishiyar giyayya takan yi watanni gindinta a cikin ambaliya ba ta mutu ba. Can sama kaɗan sai malmo da kanya, waɗanda inuwarsu ke sanyaya ruwa, ganyen da suke zubarwa kuma ya ciyar da ƙwarin da kifi ke ci.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an sare itatuwan gaɓa. Damina ɗaya ko biyu ƙasa ta fara zaftarewa, kogi ya cike da yashi. Yaron da bai taɓa ganin giyayya ba kuma, ko an faɗa masa sunanta ba zai riƙe ba.