Masauki a Uzungöl: bakin tafki ko can saman tudu?

Ɗan'uwa da kake tambaya ko ku kama otal a Uzungöl ne, ƙaramin garin nan na bakin tafki a ƙasar Turkiyya, ko ku sauka a birnin Trabzon ku riƙa zuwa, ni dai shawarata ku kwana can Uzungöl ɗin ko da dare biyu ne, don daga Trabzon kusan kilomita 100 ne kuma hanyar in ta shiga duwatsu kwana-kwana ce, in kun je kun dawo rana ɗaya gajiya kawai za ku kwaso.

Amma fa kar hotunan Instagram su ruɗe ka ka ce lallai sai bakin ruwa. Watan Yuli da Agusta Larabawa 'yan yawon buɗe ido cika wajen suke, ga motoci ga hayaniya har dare, kuɗin ɗaki kuwa ba a magana. Gidajen katakon nan na saman tudu sun fi daɗi wallahi, da safe ka buɗe taga ka ga hazo kwance kan tafkin da masallacin nan mai hasumiya biyu a gefensa. Matsalarsu hawa ne, in kana tafe da Hajiya ko madam da goyo to sai da mota, ko ku haƙura ku zauna ƙasa.

Kafin ka biya ka tambaya ko ɗakin na da hita, dare akwai sanyi ko lokacin zafi ne, ruwan sama kuma ba ya sallama. Abinci kam ba damuwa, Turkiyya ce, kifin wajen kar ka bari ya wuce ka.