Tambayoyinku ga likita: idan damuwar gona ta koma ciwo

Yawancin saƙonnin wannan makon daga manoma suka zo, ko daga iyalansu. Na zaɓi huɗu, na cire sunaye.

Likita, maigidana manomin shinkafa ne a yankin Haɗeja. Bana ruwa ya cinye gonar ana saura 'yan makonni a yanka, ga bashin taki a kansa. Yau wata biyu ba ya barcin kirki, ƙarfe uku na dare zan farka in gan shi zaune a bakin gado. Ya daina fita majalisa, tuwo sai ya yi loma biyu ya ture kwanon. Shekaranjiya na ji yana cewa gara ma a ce babu shi. Ya zan yi?

'Yar'uwa, Allah ya mayar muku da alheri. Zan fara da maganarsa ta ƙarshe, domin ita ce ba ta jiran gobe.

Duk wanda ya ce gara babu shi, a ɗauki maganarsa da gaske. Yau ɗin nan, kafin magariba, ki tattara duk maganin feshi da na ciyawa da na ɓera da ke gidan, har wanda aka soke a bayan ƙyaure ko ƙarƙashin rumbu, ki miƙa wa wansa ko wani amintacce ya kulle a wani gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin 100 na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari suke yi, mafi yawansu a karkara. Irin wannan tunani yakan taso ne kamar guguwa, ya lafa bayan ɗan lokaci. Idan babu abin cutarwa a kusa, sai ya wuce mutum yana da ransa.

Sannan ki tambaye shi a keɓe, ba kwana-kwana: "Malam, kana tunanin cutar da kanka ne?" Tambayar ba ta cusa wa mutum abin da babu a ransa. Sau da yawa ma ajiyar zuciya yake yi, don ya samu wanda ya gane halin da yake ciki. In nauyinsa zai hana ki, ki sa amininsa ko limamin da yake jin maganarsa. A kwanakin nan kada a bar shi shi kaɗai, ko da gona za shi.

Abin da kika bayyana ya yi kama da ciwon damuwa. Baƙin cikin asara kowa na yi, amma idan ƙunci ya wuce mako biyu kullum ba sauƙi, barci ya ƙaurace, abinci ya fita rai, mutum ya guji jama'a, to ya zama ciwo, kuma yana da magani. Ku kai shi babban asibiti mafi kusa a makon nan. In ana bukatar ƙwararru, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin Dawanau. Masu karatu na wasu jihohi kuma akwai na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato da na Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Magungunan da aka fi bayarwa, irin su fluoxetine da amitriptyline, sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin canji, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi. Maganin ya zauna a hannunki, ke za ki riƙa ba shi na kullum. Kada ku sayi ƙwayar barci a kemis.

Bashin ma kada a bar masa shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wani babba a dangi ya raka shi wurin mai kuɗin, a nemi a ɗaga masa ƙafa zuwa girbin rani, a raba biyan kashi-kashi. Na sha ganin marar lafiyar da barcinsa ya fara dawowa daga ranar da aka yi irin wannan zaman.

Abu ɗaya kuma ga kowa: in wani ya sha maganin ƙwari, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a tilasta masa amai. A garzaya da shi asibiti, a tafi da kwalbar.

Likita, ni manomin tumatir ne a Kura. Tun da na yi asara bara, gabana ke faɗuwa haka kawai, tsakiyar kaina na zafi, ina jin kamar wani abu na yawo a jikina. An yi min gwajin zazzaɓi da taifot, ba a ga komai ba. Wasu sun ce sammu ne, wasu sun ce ƙarancin tawakkali.

Malam, abin da kake ji gaskiya ne, ba ƙirƙira kake yi ba. Idan mutum ya hango haɗari, jiki na sakin wani sinadari mai suna adrenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sama-sama, jijiyoyi su ɗaure. An halicce shi ne don ɗan lokaci, kamar sa'ad da ka yi kiciɓis da maciji a kunya. Amma mai tumatir kullum a cikin shiri yake: ga tsutsar Tuta absoluta da ta yi wa gonakin Kano da Kaduna kaca-kaca a 2016, ga man injin ban ruwa da ya yi tashin gwauron zabi tun cire tallafi a 2023, ga kayan da ba ya jiran farashi ya gyaru. Jikinka ya saba da fargaba har ya manta yadda ake sakewa.

Duk da haka a auna hawan jininka fiye da sau ɗaya, a duba sikari da ƙarancin jini da maƙoƙo. Ka kuma faɗa wa likita yadda kake feshi, domin yin sa ba takunkumi ba safar hannu na kawo ciwon kai da jiri. Ka rage shayi mai kauri da goro daga la'asar. In faɗuwar gaban ta taso, ka zauna, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, na minti biyar.

Zancen tawakkali kuwa yana min ciwo idan na ji an jefi marar lafiya da shi. Annabi Yaƙub, alaihis salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni. Ka riƙe addu'arka da azkar, ka kuma je asibiti. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

Likita, ina ƙwadago a gonakin mutane. In ban sha tramol ba, ba na iya huɗa ko rabin wuni. Yanzu ina shan uku zuwa huɗu. Ina son in bari.

Ɗana, wannan niyya taka ita ce babban jari. Tramol ba ya ƙara ƙarfi, gajiya da ciwo yake rufewa, jiki na ci gaba da lalacewa ba ka sani ba. Wanda ake sayarwa a ɓoye sau da yawa mai miligiram 225 ne, alhali likita ba ya wuce 400 a yini ga marar lafiya. Huɗu sun kai 900, kuma a nan ne mutum ke faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, ko numfashi ya tsaya.

Kada ka yanke shi rana ɗaya. Za ka sha zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, har su mayar da kai. Ka je asibiti a rage maka sannu a hankali, kuma ka fara bayan girbi, sa'ad da aiki ya yi sauƙi. Ka gaya wa mutum ɗaya a gida don ya riƙa bibiyarka.

Likita, an sace mahaifinmu a gonarsa a Zamfara, ya yi kwana arba'in a daji. Ya dawo wata biyar ke nan, amma da ya ji ƙarar babur sai jikinsa ya hau rawa. Yana firgita cikin barci, kuma ya ƙi komawa gonar.

Allah ya kiyaye gaba. Wannan firgici ne da ke biyo bayan mummunan tashin hankali: jikin Baba ya dawo gida, ƙwaƙwalwarsa na ganin har yanzu yana daji. Tunda ya wuce wata ɗaya, a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa. Ana warkewa, galibi ta hanyar zama da ƙwararre a tattauna a tsanake, wani lokaci a haɗa da magani.

Ku hana 'yan jaje sa shi maimaita labarin, ku kuma daina ce masa ya manta. In ya so magana ku saurara, in ya yi shiru ku zauna tare da shi. Ƙin zuwa waccan gonar kuwa, muddin hanyar ba ta da tsaro, hankali ne. Ku samo masa abin da hannunsa ya saba a kusa da gida, ko kiwon tumaki biyu ne ko 'yan kunyoyin kuɓewa a bayan katanga, kuma ku riƙa neman shawararsa kan iri da lokacin shuka kamar yadda kuka saba tun da.