Motar da aka saukar tana cin taya ta ciki

Ɗan'uwa, ka ce tun da bakanike ya yanke sifirin motarka (naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyinta a kan tayoyi) don ta sauko, taya ke cinyewa ta gefen ciki, ga tsalle-tsalle a hanya. Yankan nan shi ne tushen matsalar. Sifirin da aka datse yana ƙara tauri, shokabzoba ta asali kuma tana aiki a matse, sai ta riƙa dukan ƙarshenta har ta fara yoyon mai.

Cinyewar taya kuwa, idan mota ta sauko, saman tayoyin kan karkata ciki, saitin fuskarsu ma ya goce. Dole a sake alaimen, wato daidaita saitin tayoyi, a kan na'ura, ba da ido ba.

Ni dai shawarata, cire yankakkun nan. Nemi sifirin da aka ƙera don saukarwa, saukar da motar milimita 25 zuwa 30 ya isa, ka haɗa shi da gajeriyar shokabzoba. In za ka shiga kasuwar Panteka neman kaya, tafi da bakanikenka ya duba bushin, wato robobin mahaɗan ƙafafun mota, su ma.

Kar ka wuce milimita 30 ɗin nan wajen saukarwa. Da ramukan damina da tudun rage gudu na unguwanninmu, kaskon man inji ne zai fara fashewa.