Yadda za ka bi diddigin aikin mazaɓa

Malam, ka tambayi abin da talaka zai yi bayan jefa ƙuri'a. Ɗauki aikin mazaɓa guda ɗaya da ke cikin kasafin tarayya, kamar rijiyar burtsatse. Nemo ma'aikatar da aka ba aikin, ka rubuta mata takarda ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, kana neman kuɗin aikin, sunan ɗan kwangila da abin da aka biya shi. Doka ta ba su kwana 7 su amsa.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne miƙa takarda ba a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kwafinka ba. In babu wannan, hujjarka ta yi rauni. Idan suka yi shiru, kana da kwana 30 ka garzaya kotu.