Hajiya, ki bar shi ya je, amma ya fara sanin irin ƙungiyar

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ya raya zuri'a. Na ga tambayarki cewa yaronki ya gama karatun harkar kifi a jami'ar Cape Coast a nan Gana, wata ƙungiyar kare teku ta kira shi aiki, ke kuma hankalinki ya ƙi kwanciya don kin ji ana cewa cin kuɗin Turawa kawai suke yi, su ne kuma ke zuga gwamnati tana hana talaka shiga ruwa. Ni ba masunci ba ne, bokona ma bai yi nisa ba. Fataucin bandar kifi nake yi, ina sayen amani, wato ƙaramin kifin tekun nan mai yawo garke-garke, a Elmina da Moree da Shama ina lodi zuwa Kumasi da Tamale, tun ina yaro ina bin mahaifina ina riƙe masa jaka. Abin da zan faɗa miki daga bakin ruwa na gan shi.

Maganar da kika ji akwai gaskiya a cikinta, sai dai an haɗa su duka an yi musu kuɗin goro. Akwai masu zuwa ranar Asabar da farar mota, su raba riguna masu tambari, a tsinci leda na awa biyu, a ɗauki hoto, a watse. Ruwan sama ɗaya ya isa kwata ta dawo da abin da aka kwashe har da ƙari. Waɗannan ban raina su ba, amma ban taɓa ganin sun ƙara kifi ko ɗaya a kwandon kowa ba. Akwai kuma waɗanda aikinsu ya taɓa cinikina da kaina, su nake so in ba ki labari.

Kin san saiko? Manyan jiragen kamun kifi, waɗanda lasisinsu na kifin ƙasan teku ne, sai su koma kwasar amani da ƙananan kifayen da masu kwale-kwale ke rayuwa a kansu. Su daskarar da shi fale-fale kamar bulo, su tsaya can tsakiyar ruwa, wasu manyan kwale-kwale na musamman su je su sauke su kawo gaɓa. Doka ta hana, amma shekara da shekaru a Elmina da rana tsaka ake saukewa. Kwale-kwalen saiko ba ya ɓuya: babu taru a cikinsa, babu koma, sai tamfol da ƙanƙara. In aka ajiye bulon nan a rana ya fara narkewa, sai ki ga kifayen da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba sun manne da juna, ko ƙwai ba su taɓa yi ba. Mata masu banda na saye don araha, kuma ba ka ga laifinsu ba, mazajensu sun kwana a ruwa sun ƙona mai sun dawo da kwale-kwale fayau.

Kowa ya sani, ba mai magana, don masu harkar ba ƙananan mutane ba ne. Waɗanda suka fasa ƙwan su ne Hen Mpoano, ƙungiyar 'yan ƙasa ce da ke Takoradi, da Environmental Justice Foundation, wato EJF, mai hedikwata a Ingila. Aikinsu ba na ado ba ne. Zama ake yi a mashigar ruwa ana ƙirga kwale-kwalen da suka shigo, ana lissafin bulo, ana ɗaukar hoto, wani lokaci a ɓoye. A 2019 suka fitar da rahoto cewa a shekarar 2017 kaɗai kifin da ya shigo ta saiko ya kai kimanin tan 100,000, kuɗinsa ya haura dala miliyan 50. Kafin nan, a 2018, EJF ta nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na waɗannan jirage suna da alaƙa da masu kuɗin ƙasar Sin, duk da tutar Gana suke ɗauke da ita, takardunsu kuma da sunan 'yan ƙasa. Da aka sa lamba a kan abin, musu ya yi wuya. A watan Yunin 2021 Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa karo na biyu kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba, wanda in ya zama ja kasuwar Turai ta rufe wa kifin ƙasar ke nan. Daga ƙarshen shekarar 2021 ɗin sai muka ga saukar saiko a Elmina ta ja baya sosai. Ba zan ce miki an gama ba, masunta har yanzu suna kukan cewa jiragen kan zubar da ƙananan kifi a ruwa ko su wuce da shi tashar jiragen ruwa ta Tema a kwali. Amma wanda ya san Elmina ta da, ya san an taɓa wani abu.

Zancen hana talaka shiga ruwa kuwa, a nan ni ma ina da ƙorafi. Gwamnati ce ke rufe teku, ba ƙungiya ba, amma gaskiya ne masana da ƙungiyoyi sun daɗe suna ba da wannan shawara. An so farawa a Agustan 2018, masunta suka tayar da ƙura don lokacin ne kakar amani, aka fasa. A 2019 aka rufe wa masu kwale-kwale daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni, daga 2021 kuma aka mayar da shi watan Yuli. Hujjar tana da ma'ana: daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasan teku, lokacin amani ke ƙwai, in ka kama uwa da ciki ka kashe dubbai. Kuma hutar da ruwa ba baƙon abu ba ne a wajen mutanen gaɓa. Ranar Talata ba a shiga teku tun kaka da kakanni, kuma bikin Bakatue da ake yi a Elmina Talatar farko ta Yuli, buɗe tafkin Benya ne bayan an hana kamu na wasu makonni. Abin da ya ɓata wa mutane rai shi ne a farkon lamarin an hana mai kwale-kwale shiga ruwa wata guda, an ba shi 'yar shinkafa da man girki da ba za su kai mako ba, alhali yana gani da idonsa saiko na gudana sauran watannin. A wannan wata ni kaina bashi na riƙa ci in riƙe kwastomomina na arewa, balle macen da murhunta ne abincin 'ya'yanta. A 2025 gwamnati ta cire masu kwale-kwale daga rufewar, ta bar ta kan manyan jirage, aka kuma yi sabuwar doka da ta faɗaɗa yankin da aka keɓe wa ƙananan masunta daga mil 6 zuwa mil 12 na teku. Ni a ganina da can ya kamata a fara.

Kada kuma a ɗauka masu kwale-kwale waliyyai ne. Kwale-kwalen sun haura 12,000 a gaɓar da ba ta ƙaru ba. Wasu na kunna fitila da janareto cikin dare su tara kifi, wasu su zuba kabaid, wasu su jefa nakiya. Mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin wannan. Kifin da aka kama da magani cikinsa kan fashe tun a kan wayar banda, in an banda shi ba ya ƙarko, kafin mota ta kai Tamale rabin kwando ya zama gari. Ƙungiyar kirki tana faɗa wa masunta wannan a fuskarsu, kuma suna saurara ne kawai in sun ga ta fara taɓa manya.

Wanda ya fi burge ni ba a teku ma yake ba. A bakin kogin Densu, yamma da Akra, wajen Tsokomey da Bortianor da Tetegu, akwai mata masu tsintar kawa, wato 'yar halittar ruwan nan mai ɓawo da ake cin namanta. Kawar ta yi ta ƙanƙancewa, sai wata ƙungiya mai suna Development Action Association ta zauna da su, aka koya musu auna gishirin ruwa da lura da girman kawa da hannunsu. Daga 2017 su da kansu suka yanke rufe wurin wata biyar, daga Nuwamba zuwa Afrilu, suna mayar da ɓawon cikin ruwa don ƙanana su sami abin maƙalewa, suna kuma dasa itatuwan nan masu tsiro cikin ruwan gishiri. Ba soja, ba ɗan sanda. Wadda ta saci jiki ta shiga, maƙwabciyarta ce za ta kai ƙararta. Kwatanta wannan da murhun Ahotor da aka kawo wa mata masu banda: hayaƙinsa kaɗan ne, ba ya cin itace, kifinsa ya fi tsabta, duk gaskiya ne. Amma yana da tsada, kuma ranar da kifi ya yi yawa ba ya sauri, sai mata da dama suka koma wa tsohon murhunsu na Chorkor.

Na dabbobin teku ban kusance shi sosai ba, sai abin da ba a rasa ba. Daga wajen Oktoba zuwa farkon shekara kunkurun teku kan fito yin ƙwai a yashin Ada da can yamma wajen Axim, doka ta hana taɓa shi tun 1971, masu aikin kuma kwana suke suna sintiri da tocila, suna lallashin masunta su saki wanda ya faɗa taru ko da ya yaga shi. A Afrilun 2021 da dolfin, wasu manyan dabbobin teku, masu yawa suka fito gaɓar Axim, kafin hukuma ta iso mutane sun yi awon gaba da wasu, mu kuma muka shiga fargabar kada naman ya shigo kasuwa cikin banda. Waɗanda kike gani a talabijin da jirginsu suna bin ɓarayin kifi, su ne Sea Shepherd, sun yi aiki da sojojin ruwan Gabon tun 2016, da na Laberiya tun 2017. Da wuya a ce irin wannan aka kira yaronki.

To Hajiya, ga abin da zan sa shi ya tambaya in ɗana ne. Wa ke ba su kuɗi, kuma har yaushe? Yawancin aikin nan kwangila ce ta shekara biyu zuwa biyar. Da Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, a 2025, ayyukan kifi da take ɗaukar nauyi suka tsaya cak, na san yara masu ƙwazo da suka wayi gari ba albashi. A rubuta masa a takarda albashi ne ko sa-kai ne, kada a bar shi da "za mu gani". Ya tambaye su sunan gari uku da suke aiki, ya je da ƙafarsa ya ji ko sarkin masunta ya san su. In ofishinsu a Akra yake kuma ba wanda ya taɓa jin sunansu a bakin ruwa, ya nemi wani wuri.

Abu ɗaya da zan ce ki sa baki a kai shi ne hawa babban jirgi a matsayin jami'in sa ido. Wannan aikin hukuma ne, ba na ƙungiya ba, amma yaran da suka karanci fannin can ake yawan tura su. Mutum ɗaya ne tsakiyar teku cikin waɗanda yake rubuta laifinsu, a hannunsu yake ci, a wurinsu yake kwana. A Yulin 2019 wani jami'i, Emmanuel Essien, ya ɓace daga kan irin wannan jirgi, har yau ba a gan shi ba. Ko kwale-kwale zai hau, ya sa rigar ruwa, kada ya ji kunyar dariyar masunta, mu 'yan zango ba mu tashi da iyo ba.

Ya dage ya koyi Fante, yaren mutanen gaɓar, ko ta gaisuwa da ciniki ce, don Turancin jami'a ba ya buɗe bakin kowa a can. Akwai zango a Elmina, masallaci da abinci ba za su yi masa wuya ba. In zai fara zuwa, ya zaɓi Talata, ranar maza na zaune a inuwa suna ɗinkin taru, suna da lokacin hira. Ya fara gaida sarkin masunta, wanda suke ce wa Apofohene, sannan shugabar mata masu sayen kifi, Konkohemaa, don ita ke yanke farashi da safe, matan nan kuma su ne ke ba kwale-kwale da yawa kuɗin mai. Littafin rubutu ya bar shi a aljihu sai zuwa na biyu ko na uku. Allah ya yi masa jagora, ya sa a dace.