Layin dogon da ya koma hanyar keke

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wani bidiyo a Facebook, mutane suna tuƙa keke a kan tsohon layin dogo a Amurka, ba ƙarfe ba jirgi. Yaya aka yi haka? Kuma ko za a iya yin irinsa a nan yankinmu? Daga wani mai karatu, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Irin waɗannan hanyoyi suna da yawa a can, amma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna ita ce Katy Trail a jihar Misuri. Asalinta layin kamfanin jirgin ƙasa ne mai suna Missouri-Kansas-Texas. A 1986 ambaliyar kogin Misuri ta cinye sassa da dama na layin, kamfanin ya ga gyara ba zai biya shi ba, ya bari. An buɗe kashin farko na hanyar a 1990, yau tsawonta ya kai kusan kilomita 390.

Abin da ya cece ta doka ce. A 1983 Amurka ta yi dokar da ta ba da damar a ajiye filin layin da aka daina amfani da shi a dunƙule, a mai da shi hanyar ƙafa da keke, da sharaɗin in an sake buƙatar jirgi a mayar. Ba don haka ba, da filin ya koma hannun masu gonakin da ke gefe, kowa ya yanki nasa. Hanya kuwa in aka toshe ta a wuri guda, ta mutu.

Aikin ga yadda yake. Ana fara ɗauke ƙarafunan, sai katakan da aka gitta a ƙarƙashinsu. Waɗannan katakai an jiƙa su da wani baƙin mai mai guba don kada gara ta ci, saboda haka ba a yin girki da su, ba a kafa garken dabbobi da su. Tsakuwar layin dogo manya ce kuma mai kaifi, taya ba ta tafiya a kanta. Sai a baje ta ta zama tushe, a zuba niƙaƙƙen dutse har kaurin shimfiɗar ya kai santimita 8 zuwa 10, a yayyafa ruwa, a bi da rola. Faɗin hanya mita 3 ya isa masu keke biyu su yi kiciɓis ba karo. Dole tsakiya ta ɗan fi gefe tudu, kamar santimita 2 a kowace mita, don ruwa ya gangara. Nan ne 'yan kwangila suka fi yin ha'inci: a bar hanya a shafe, a bar kwalbati a toshe, damina ɗaya ruwa ya yanka ta. Gadoji kuma sai injiniya ya duba ƙafafunsu, a shimfiɗa daɓe, a sa shinge da ya haura mita guda. Daɗin abin shi ne jirgi ba ya son hawa, don haka layin bai cika ɗagawa fiye da mita 2 a cikin 100 ba. Dattijo ma zai tuƙa.

To, batun yankinmu. Layin dogo bai taɓa isowa birnin Sakkwato ba. Wanda ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, aikinsa kwasar gyaɗa da auduga. Ƙaura kuwa tun 1996 tana jihar Zamfara. Shi wannan layi, a ganinmu, gyara yake buƙata jirgi ya dawo, domin manomi ya fi buƙatar abin ɗaukar kaya a kan wurin motsa jiki. Wanda ya mutu murus shi ne ƙaramin layin Zariya zuwa Jos da aka yi don kwasar kuza, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, aka rufe shi a 1957. Da an killace filinsa tun lokacin, da an sami hanya mai kyau har kan tsauni.

In za a yi a nan, kayan aiki ba matsala ba ne: ga marmara ko'ina, ga dutsen da ake siminti da shi a Kalambaina, irinsa ne ma aka shimfiɗa a Katy. Matsalolinmu daban ne. 'Yan kabu-kabu za su mai da hanyar tasu cikin mako guda, sai dai in an kafa turaku a kowace mashiga, tazarar da keke zai wuce amma babur ya sha wuya. Duk inda ta gitta burtali, a bar wa shanu mashiga mai daɓen kankare, in ba haka ba kofato zai farfasa saman. Zafin watan Afrilu kuma, wanda ke haura digiri 40, ba ya barin kowa ya fito sai da inuwa. A dasa dogonyaro gefe da gefe, amma a ja shi baya kamar mita 2 daga bakin hanya, don saiwarsa kan ɗaga daɓe.